Mi ya haɗa baƙon dauro da tafiyar taurari?

Akwai wata tambaya wadda ba ta tsufa. Kowace shekara, in lokacin kasafin kuɗin ƙasa ya zo, sai an sami wanda ya yi ta, ko a fili ko a zuci: ƙasar da gidajen likita na ƙauyukanta ke kukan rashin magani, mi zai kai ta ga ciyar da mutumin da ba ya da aiki sai tsayuwa gaban allo da alli, yana rubuta alamun da ba mai gane su sai shi da abokanshi biyar? Mai wannan tambaya ba jahili ba ne. Sau da yawa ma'aikaci ne mai kishin talakawa, wanda ya ga uwa ta yi tafiyar yini da yaro a goye, ta zo ta tarad da akwatin magani wayam. Saboda haka bai kamata a amsa mashi da raini ba. Amsar da ta dace da shi ita ce labarin abin da ya faru, kuma an yi dace, wani sashe babba na labarin a nan ƙasarmu ya faru, a Yamai da Maraɗi da Damagaram.

Masu binciken kimiyya suna da yawa, amma mu ɗauki uku waɗanda ga ido ba abin da ya gama su. Akwai wanda ke bin ƙauyuka da akwatin allura da kayen rubutu, yana neman sanin abin da ke kashe yara da yadda za a kai masu magani. Akwai mai lissafi tsantsa, wanda ba ya ƙidaya buhu, ba ya auna gona, lambobi da siffofi kurum yake bi don ya ga inda za su kai shi. Sannan akwai mai binciken ƙwayar zarra, wato ƙanƙanen ɓarɓashin nan da aka gina kowane abu da shi, tun daga dutse har jikin ɗan Adam. Na farko kowa ya yarda da amfaninshi. Sauran biyun ne ake tuhuma.

Kayen gidan likita

Tun cikin shekarun 1960 jihar Maraɗi ta soma wani aiki wanda daga baya ya bazu cikin ƙasa. Gari ya zaɓi mutum nashi, a yi mashi horo na ƴan kwanaki, a ba shi akwati mai ɗauke da Nivaquine da asfirin da maganin ido da na miki. Ungozomomi kuma a koya masu tsabtar karɓar haihuwa da yankan cibiya. Sa'ad da ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata a 1978, suka yi shawara cewa kiwon lafiya shi ne zai je inda mutane suke, mu a nan mun riga mun kwana biyu bisa wannan hanya.

Amma akwai wani aiki na biyu da ke tafe da ba da magani, wanda ba a cika yaba ma kowa a kanshi ba. Shi ne rubutu. A kowane gidan likita, in mako ya ƙare, ma'aikaci zai buɗe kaye ya ƙidaya: mutum nawa suka zo da baƙon dauro, nawa da sanƙarau, nawa da amai da zawo. Ya aika ma gunduma, gunduma ta aika ma jiha, jiha ta aika ma ma'aikatar lafiya a Yamai. Aiki ne mai gundura, kuma mai yin shi yakan zaci takardun can za su kwanta cikin ƙura har gara ta ci. To, ba duka gara ta ci ba. Za mu komo gare su.

Mutumin da ya fara auna annoba da lissafi yadda ya kamata shi ne Daniel Bernoulli, masanin lissafi na ƙasar Suwis. A zamaninshi ana gardama a Turai kan tsagar agana, wato a ɗebo ruwan ƙurjin mai cutar a sa ma lafiyayye don ya yi ta da sauƙi. Wasu na mutuwa daga tsagar kanta, saboda haka jama'a na tsoro. A 1760 ya kai ma majalisar masana ta Paris lissafinshi, inda ya nuna cewa in aka kau da agana, tsawon ran mutane zai ƙaru da wajen shekara 3. Bayanshi da shekara 150, Ronald Ross, likitan nan na Ingila da ya gano a ƙasar Indiya cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓi, ya kawo wata magana a 1911 wadda mutane suka yi ma dariya: ba sai an kashe sauron duniya duka ba, in dai yawansu ya sauka ƙasa da wata iyaka, zazzaɓi zai ja da baya da kanshi. A 1927 kuma wasu mutum biyu a Edinbara, likita McKendrick da abokinshi Kermack, suka shimfiɗa ƙa'idar da ake aiki da ita har yau. Shi Kermack makaho ne, wani sinadari ya fashe mashi a ɗakin bincike shekara 3 kafin nan, da ka yake lissafinshi.

Ga ƙa'idar a taƙaice, mu gwada ta da baƙon dauro, wanda wasu ke ce ma ƙyanda ko dusa. In yaro ɗaya mai cutar ya shiga cikin yaran da ba su taɓa yin ta ba, ba a kuma yi masu allura ba, yakan harbi tsakanin 12 da 18. Mu ce 15. In cikin 15 ɗin nan an riga an tsare 14 da allura, ɗaya kaɗai zai kamu. Cutar tana tafiya amma ba ta ƙaruwa. In an tsare fiye da haka, sai ta rasa wurin zuwa ta mutu. Da yake kuma allura ba ta kama kowa da kowa, sai masana suka tsaida cewa a yi ma yara 95 cikin 100. Wannan adadi ba wani babban ma'aikaci ne ya zaɓe shi don ya wahalad da na ƙasa da shi ba, lissafi ne ya fid da shi.

A nan ne shugabannin gundumomi ya kamata su yi hattara. Ɗan lakwal da ya sami 80 bisa 100 ga jarrabawa an yi mashi barka. Gundumar da ta yi ma yara 80 cikin 100 allura kuwa, ta bar 20 a waje bana, ta bar wasu 20 baɗi, suna taruwa kamar busasshiyar ciyawa a bayan gari. Shekara biyu ko uku ba a ganin komi. Ranar da tartsatsi ya faɗa, sai a ce annoba ta zo ba zato.

Kuskuren da ya fi kyautar sarki tsada

Yanzu mu bar gidan likita mu ɗaga kai sama. Sarkin Suwed, Oskar na biyu, ya sa gasa tsakanin masu lissafi don bikin cikarshi shekara 60 a 1889. Tambayar ita ce: in abubuwa uku ko fiye suna jan juna a sararin samaniya, kamar rana da duniya da wata, ana iya faɗin inda kowanensu zai kasance har abada? Wani Bafaranshe mai suna Henri Poincaré ya ci gasar. Ana cikin buga aikin sai aka ja hankalinshi ga wani wuri da bai fito sarai ba. Da ya sake dubawa ya ga kuskure ne, kuma babba. Ya sa aka janye abin da aka buga, ya biya kuɗin sabon bugu daga aljihunshi, kuɗin har ya zarce kyautar da sarki ya ba shi. Amma wajen gyaran nan ne ya tarad da abin da ya ɗaukaka sunanshi: akwai abubuwan da ke bin ƙa'ida daidai wa daida, ba sa'a ba caca, amma duk da haka ba a iya faɗin makomarsu ta nesa, domin bambanci ƙanƙane a mafari yakan yi ta ninkuwa har ya zama babba. Daga baya masana suka yi ma wannan fanni laƙabi da lissafin hargitsi.

Da a 1890 wani ya tambayi Poincaré amfanin wannan ga yaron da zazzaɓi da ƙuraje suka rufe a bakin kogin Kwara, da bai sami abin cewa ba. Aikin ya kwanta fiye da shekara 70, sai da kwamfuta ta zo aka tashe shi, aka gwada shi ga iska da ruwan sama, aka gwada shi ga yawan dabbobi da ƙwari.

Sa'an nan aka zo ga kayen nan namu. Wasu masana na jami'ar jihar Pensilbaniya ta Amurka, cikinsu da Matthew Ferrari da Bryan Grenfell, tare da cibiyar Epicentre da ma'aikatar lafiya ta Nijar, suka ɗauko ƙidayar baƙon dauro ta birnin Yamai tun daga 1986, wata bayan wata. Abin da suka gani ya saɓa ma abin da aka saba. A Landan, kafin a sami allura, cutar takan zo duk bayan shekara biyu, kamar mai alkawari. Bisa ƙa'ida, birnin da ake haihuwa da yawa kamar Yamai kamata ya yi ya riƙa ganin ta kowace shekara, daidai gwargwado. Amma a Yamai sai ta zo bana ta kwantar da dubbai, ta ɓace har a yi watanni ba a rubuta ko mutum ɗaya ba, a yi shekaru shiru, sa'an nan ta komo da ƙarfin da ya fi na da. Sakamakon da suka buga a mujallar Nature a 2008 ya nuna dalili: a Yamai yaɗuwar cutar tana hawa ƙwarai in rani ya kama, ta faɗi warwas in damina ta sauka. Da aka sa wannan hawa da sauka mai tsanani cikin ƙa'idar Kermack da McKendrick, sai lissafin ya shiga hargitsin nan da Poincaré ya hango cikin tafiyar taurari.

Ma'anar wannan ga mai riƙe da hukuma ba ƙarama ba ce. Shekarun shiru ba shaida ba ne cewa an ci nasara. Kuma ba wanda zai iya duba kalanda ya ce annoba sai shekara kaza, a jira ta. Dole allurar yau da kullum ta tsaya da ƙafarta, ido kuma ya kasance a buɗe.

Saura tambaya ɗaya: mi ke sa cutar ta bi rani? A Ingila buɗe makarantu ne ke tada ita, amma yaranmu suna kamuwa tun ba su isa shiga lakwal ba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san amsar tun kafin masana: cin rani. In an gama girbi, mutane su kwarara birni da iyalinsu, ɗaki ɗaya ya ɗauki mutum goma. In hadari ya fara haɗuwa, su koma gona. Sai dai sani daban, aunawa daban, ba kuma wanda zai ƙidaya mutanen birni kowane wata. Wata masaniya, Nita Bharti, da abokan aikinta suka yi dabara. Suka ɗauki hotunan da tauraron ɗan Adam ke yi da dare, suka auna hasken fitilu da na wutar girki a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Hasken yakan dushe da damina, ya ƙaru da rani, baƙon dauro kuma yana bin sawunshi a biranen uku. An buga wannan a 2011.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan masana ne. A gundumar Mirya, cikin annobar 2003, bincike ya nuna cewa wajen mutum ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu ya rasu, mafi yawansu ƙananan yara. A Yamai, annobar da ta fara ƙarshen 2003 ta kama mutum fiye da 10,000. A lokacin nan ra'ayin da ya fi rinjaye, har a ƙungiyar lafiya ta duniya OMS, shi ne in annobar baƙon dauro ta riga ta ɓarke, allurar gaggawa ba ta da wani amfani, cutar ta fi ta gudu. Duk da haka ma'aikatar lafiya da likitocin MSF suka yi allurar, bayan an yi fiye da wata biyar ana fama. Da masu lissafi suka koma kan ƙidayar unguwa-unguwa, suka nuna cewa a babban birni annoba tana ɗaukar watanni kafin ta game, cewa allurar nan ta makara amma ta tsare yara, kuma da an yi ta cikin wata biyu na farko da ta tsare ninkin-ba-ninkin haka. Irin wannan shaida, daga Yamai da wasu biranen Afirka, tana cikin abin da ya sa OMS ta sake shawararta a 2009. Ma'aikacin da ya cika kaye a Bukoki ko Gamkalle bai san hannunshi ya kai Janeba ba.

Hatimi da na'urar leƙa ciki

Mu ma ba baƙi ba ne ga lissafin da ake yi ba don kasuwa ba. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bakatsine, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimi. Kowa ya san ƙaramin, mai gida 9: a zuba lambobi daga 1 zuwa 9, ta yadda duk layin da aka bi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla 15 ce. Malamai suna da tasu buƙata gare shi, amma ƙa'idar jera lambobin lissafi ce zalla.

To, a juya tambayar. A rufe gidajen, a ba ka jimlar kowane layi kurum, a ce ka faɗi abin da ke cikin kowane gida. A hatimi jimlolin duka ɗaya ne, saboda haka ba su faɗa maka da yawa. Amma in sun bambanta, bambancin nan shi zai tona abin da ke ɓoye. A 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, wani masanin lissafi na Ostiriya, Johann Radon, ya tabbatar cewa in an san jimlar abu bisa kowane miƙaƙƙen layi da ya ratsa shi, ana iya sake zana cikinshi duka. Bai yi don likita ba, bai yi don kowa ba. Takardar ta kwanta.

A 1956 wani masanin fizik na Afirka ta Kudu, Allan Cormack, wanda ainihin aikinshi binciken ƙwayar zarra ne, ya je taimako a asibitin Groote Schuur na birnin Kap. Ya ga likitoci suna gasa ciwon daji da haske ba tare da sun san yadda ƙashi da tsoka ke shanye hasken ba. Hoton da muke ce ma radiyo inuwa ce kurum, komi ya hau bisa komi. Ya ce a ranshi: in aka harba siririn haske ta kowace kusurwa, aka auna abin da ya fita ta ɗaya gefen, ai kowane harbi jimlar layi ɗaya ne. Ya warware lissafin da kanshi, bai san Radon ya riga shi ba sai daga baya. Ya buga a 1963 da 1964, kusan ba wanda ya kula. Sai da wani injiniya na Ingila, Godfrey Hounsfield, ya ƙera na'urar ta tashi hanya, aka duba kan wata majinyaciya da ita a Landan a 1971. Ita ce sikana, wadda yau in mutum ya faɗi bisa babur ya bugu a kai ake cewa a kai shi a yi mashi. Su biyun suka raba kyautar Nobel ta likitanci a 1979, alhali ba likita ko ɗaya cikinsu. Daga Radon zuwa majinyaciyar farko shekara 54.

Su masu binciken zarra, babbar cibiyarsu ita ce CERN, wadda ƙasashen Turai suka kafa a 1954 kusa da Janeba, bisa iyakar Suwis da Faransa. Can ƙarƙashin ƙasa, zurfin wajen mita 100, sun haƙa rami mai zagaye na kilomita 27. Mai tafiya a ƙasa in ya kama da asuba sai rana ta take tsaka zai komo inda ya fara. Cikin ramin ake kora ƙwayoyin furoton, wasu ta dama wasu ta hagu, da gudun da ya kusa na haske, a haɗa su karo, a duba ɓarɓashin da ya tarwatse. Haka aka yi har aka ga ƙwayar nan da Peter Higgs da wasu suka hango da lissafi tun 1964. An ba da sanarwa ranar 4 ga Yuli 2012.

Gaskiya ɗaya ce: ƙwayar Higgs ba ta warkar da kowa ba, kuma wanda ya yi maka alkawarin za ta warkar, ya faɗi abin da bai sani ba. Amfanin da aka gani daga wannan fanni ya zo ne ta kayan aikin da aka ƙera don farautar. A farkon shekarun 1930 Ernest Lawrence ya ƙera injin farko mai kora ƙwayoyi a zagaye, a Barkele ta Amurka, ƙaraminshi bai fi tafin hannu ba. Da ƙannen injin nan ne aka samo, a ƙarshen shekarun 1930, wani nau'in iyod da wani nau'in kobal masu fid da haske marar ganuwa. Iyod ɗin, da yake jiki yakan tara shi a wuya, da shi ake auna cututtukan maƙoshi irin su maƙoƙo, ana kuma magani da shi. Kobal ɗin kuwa an fara gasa ciwon daji da shi a Kanada a 1951. Jami'ar Yamai tana da cibiya ta musamman mai aiki da irin waɗannan sinadarai, kuma a 2021 aka buɗe sashen gashin ciwon daji na farko a Yamai, da taimakon hukumar AIEA. Kafin nan, wanda likita ya rubuta ma gashi sai ya fita waje, in yana da hali.

A lura da shekarun: 1951 a Kanada, 2021 a Yamai. Hausawa sun ce komi nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma ba su ce a gidanka zai faɗo ba. Nan ne mai tambayar nan ta farko yake da gaskiya fiye da yadda masana ke so su yarda. Ilmi ba ya tafiya da ƙafarshi. A annobar sanƙarau ta 1996 da 1997 mutum wajen 250,000 suka kamu a ƙasashen Sahel, wajen 25,000 suka rasu. Dabarar yin allura mai daɗewa a jiki an san ta a lokacin, har Ingila ta fara yi ma ɗiyanta irinta a 1999. Mu ba mu samu ba sai a 2010, bayan da OMS da ƙungiyar PATH suka ɗauki wajen shekara goma suna aiki, ministocin Afirka kuma suka nace cewa allurar da ta fi ƙarfin aljihunsu ba ta da amfani gare su. Wani kamfani na Indiya ya yarda ya yi MenAfriVac ƙasa da rabin dalar Amurka, abin da bai wuce dala hamsin ba a kuɗinmu na sefa. Burkina Faso da Mali da Nijar ne suka fara, daga ɗan shekara 1 zuwa 29, kuma sanƙarau mai harafin A ya kusa ɓacewa.

Ko a nan ma ɗakin bincike na gida ya yi rana. Cibiyar CERMES ta Yamai, wadda gidajen likita na nesa ke aika ma ruwan ƙashin bayan majinyata, ita ta nuna a 2006 cewa wani nau'i mai harafin X, wanda ba a damu da shi ba, yana iya tada annoba. A 2015 kuma mai harafin C ya kama mutum fiye da 8,000 a ƙasarmu. Sabuwar allurar da aka fara aiki da ita a Najeriya da Nijar a 2024 tana tsare nau'i biyar, har da X ɗin nan. Da ba a sami mai aunawa a Yamai ba, da wuya mai ƙera allura a wata nahiya ya san da shi da wuri.

Ra'ayinmu a nan shi ne, ba wanda ya ce Nijar ta haƙa rami irin na Janeba. Amma ƙasar da ba ta da ɗiyanta masu jin yaren lissafi da na fizik, sai dai a ba ta na'ura ta kasa gyara, a ba ta shawara ta kasa aunawa. Dutsen yuraniyom ya kwana ƙarƙashin Ayar tun fil azal. Bai zama dukiya ba sai da wasu suka gano a 1938, cikin wani ɗakin bincike a Barlin, cewa ƙwayarshi tana tsagewa; da aka fara haƙo shi a Arlit a 1971, waɗanda suka san sirrinshi su ne suka san darajarshi. Marigayi Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda aka haifa a 1929 ya rasu a 1991, ya gane haka da wuri. Masanin fizik ne na gaske, ya komo gida ya shugabanci ofishin makamashin rana ONERSOL tun daga 1969, ya riƙe jami'ar da yau ke ɗauke da sunanshi, kuma tun a 1964 ya rubuta cewa a koyar da ɗiyan Afirka cikin harsunansu. Haka shi ma Abdussalam na Pakistan, wanda ya sami Nobel ta fizik a 1979, shekara ɗaya da Cormack. Shi ya kafa cibiyar Trieste a Italiya a 1964, don masanin ƙasa matalauciya ya je ya sha iska da takwarorinshi wata biyu ko uku ya komo gida, kada ya zama dole ya zaɓa tsakanin ƙasarshi da ilminshi.

Akwai kuma rabon da ke hannun kowa cikinmu. In kaka ta wuce, ƴan cin rani suka fara cika tasha, lokacin ke nan da ya kamata mai gari da wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci su bi gida-gida su duba takardar allurar yaran da za su bi iyayensu birni. Allurar baƙon dauro ta farko a wata 9 ake yin ta, akwai ta biyu daga baya, kuma kyauta ce. Shi kuma ma'aikacin gidan likita, in mako ya wuce bai ga ko mutum ɗaya ba, kada ya bar gurbin fari. Ya rubuta sifiri ya aika. Masu binciken 2008 da sifirin watannin shiru ne suka gane cewa cutar takan mutu a Yamai ƙurmus, sa'an nan wani baƙo ya sake shigo da ita.